Kujerar Hannun Dama

A ma'aikatar harkokin waje akwai wani ɗan ofishi a ƙasan bene, tsakanin ɗakin ajiyar tutoci da matattakala, wanda baƙo zai wuce ta gabansa sau da yawa bai lura da ƙofarsa ba. A cikinsa mutumin da ake kira Malam Daidai ya ƙarar da ƙuruciyarsa, har furfura ta cim masa. Aikinsa tsara wurin zama. Idan za a yi liyafa ko taro da manyan baƙi, shi ne mai faɗin wanda zai zauna kusa da wane, da wanda zai fuskanci ƙofa, da waɗanda za a raba da tsawon tebur saboda ƙasashensu ba sa shan inuwa ɗaya.

Laƙabin ma daga aikin ya fito. Idan ya gama jera katunan sunaye, yakan ja da baya, ya goya hannuwansa, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana kallon teburin. Masu kawo abinci sukan tsaya cik suna jira. In ya ce, "Daidai," kowa ya sauke numfashi. In bai ce ba, to, akwai kujerar da za ta matsa, ko da da faɗin yatsa ne.

Ɗan kafinta ne, ya tashi yana riƙe wa mahaifinsa bakin katako. Ya shiga ma'aikatar yana saurayi a matsayin mai ɗaukar kujeru. Tsohon da ke riƙe da aikin tsarin a lokacin ya lura cewa wannan sabon ma'aikacin ba ya ajiye kujera a karkace, sai ya jawo shi jiki, ya koya masa ƙa'idoji. Mai masauki a tsakiya. Baƙon da ya fi kowa daraja a hannun damansa, mai bi masa a hagu, haka ake ta sauka har ƙarshen tebur. Kuma ba a barin kujera wayam kusa da mai masauki, domin kujerar da ba kowa a kanta shela take yi cewa wani ya ƙi amsa gayyata.

Wanda bai san gidan ba yakan ɗauki wannan duka wasan yara. Matarsa ce kan gaba a masu yi masa ba'a. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, shi ya sa unguwa duka, har shi kansa, Sista suke ce mata.

"Ni fa idan aka tambaye ni aikin mijina, kunya nake ji," takan ce. "Me zan ce? Yana koya wa manya zama? Mutanen nan tun suna wata shida suka iya zama, Malam."

"Sun iya zama," yakan amsa a natse, "amma ba su san inda za su zauna ba."

Abin alfaharinsa guda ne: ba wanda ya taɓa sa shi ya matsar da kati don son rai. An gwada shi da roƙo, an gwada shi da tsawa, an gwada shi da kiran sunan manya. Amsarsa ba ta sauyawa. "Ranka ya daɗe, ba ni na ajiye ka a nan ba, muƙaminka ne ya ajiye ka." Har ta kai idan gardama ta tashi a kan wanda ya fi wani girma, sai a ce a je a duba inda Malam Daidai ya zaunar da su, magana ta mutu.

Sai dai akwai mutum ɗaya da yake yi wa wata alfarma a ɓoye, wadda shi mutumin bai san ana yi masa ita ba.

Ma'aikatar cike take da jakadu, amma in aka ce Jakada kawai ba tare da an ƙara komai ba, kowa ya san wanda ake nufi. Dogo ne, marar yawan magana, mai kallon bakin mai yi masa magana kamar ba abin da ya fi wannan maganar muhimmanci a duniya. Yana ƙaramin jami'i aka tura shi wata ƙasa da yaƙi ya ɓarke a cikinta, ya ƙi fitowa sai da ya ga ɗan ƙasarsa na ƙarshe ya hau jirgi. Ana cikin kwashe mutanen ne bam ya tashi a jikin katangar ofishin jakadancin. Ya dawo gida da ƙafafunsa, ba tabo ko ɗaya, aka yi ta yi masa barka.

A liyafar farko bayan dawowarsa, Malam Daidai yana tsaye a jikin bango kamar yadda ya saba. Ya ga mai kawo abinci ya sunkuyo ta hannun daman Jakada ya yi masa tambaya, ya sake yi, Jakada bai waiwayo ba. Ya ga kuma yadda yake karkata kansa kaɗan, yana miƙa kunnen hagu ga duk mai magana. Bai ce wa kowa komai ba. Ya san in maganar ta kai ga likitocin ma'aikata, za a ɗaure mutumin a bayan tebur har ya yi ritaya. Tun daga ranar, duk inda ƙa'ida ta bar masa zaɓi tsakanin kujeru biyu masu daraja ɗaya, sai ya ba Jakada wadda za ta sa babban mutumin wurin ya kasance a hagunsa. Bai taɓa karya ƙa'ida don haka ba. Ratar da ƙa'ida ta bari kawai yake bi, shekara fiye da ashirin, har hannunsa ya koyi yin abin ba tare da ya shawarci kansa ba.

Shi kuwa Jakada, a cikin manyan ma'aikatar kaf, shi kaɗai ne bai taɓa roƙon a sauya masa kujera ba. Yakan leƙo ɗan ofishin kafin liyafa ya ce, "Malam Daidai, yau da wa ka haɗa ni faɗa?" A faɗa masa, ya yi dariya ya wuce.

Ana saura 'yan watanni Malam Daidai ya yi ritaya, ministan harkokin waje ya ajiye aiki saboda rashin lafiya. Nan da nan gari ya ɗauka. A rediyo, a cikin motocin haya, a teburin mai shayi, kowa ya zama masanin wanda ya dace ya zama bakin ƙasa a idon duniya. Sunaye uku ne suka rage a gaban Shugaban ƙasa. Akwai Sanata, wanda ya daɗe yana jagorantar kwamitin harkokin waje a majalisa, yana da jama'a, yana da baki. Akwai Farfesa, wata baiwar Allah da ta ƙware a dokokin ƙasa da ƙasa, wadda ta taɓa tsaya wa ƙasar a kotun duniya ta yi nasara. Sai Jakada, wanda ya sasanta rikicin kan iyaka da ya gagari waɗanda suka gabace shi. Malam Daidai bai taɓa furta ra'ayinsa ba, ko a gida. Amma a zuciyarsa ba ya ganin akwai abin gardama.

Shugaba ya so ya zauna da su ukun a kan abincin rana, ya ji yadda kowannensu yake tunani. Sakataren fada, mutum mai ƙaramin jiki da kaifin ido, shi ya kira Malam Daidai ya ba shi aikin.

"Malam, abu ɗaya nake so," in ji shi. "Kada teburin nan ya yi magana. Shugaba bai yanke shawara ba, kuma ba abin da ya tsana irin a nuna masa hanya."

"An gama, ranka ya daɗe."

Ya zaɓi zagayayyen tebur mai kujeru shida. Shugaba, Mataimakinsa a dama, Sakatare a hagu, 'yan takarar uku suna fuskantarsu, ba wanda ya fi wani kusanci. Jakada ya faɗo a ɓangaren da ke bin Mataimaki, kamar yadda hannun Malam Daidai ya saba. Ya ja da baya, ya kanne ido, ya ce, "Daidai."

Baƙi sun riga sun iso, suna ɗakin jira, sai wani jami'i ya shigo a guje ya ce Mataimaki ba zai samu zuwa ba, an yi masa rasuwa. Shugaba kuma ga shi nan tafe.

Malam Daidai ya ɗauke katin Mataimaki, ya sa aka fitar da kujerarsa, aka matso da sauran don a rufe giɓin. A nan ne ya ga abin da ya faru: Jakada ya koma hannun daman Shugaba. Ya gani sarai, ba za a ce bai gani ba. Ya kuma san gyaran, domin ba wuya gare shi: a mai da kujerar, a dawo da Sakatare dama, a kira babban jami'in fada ya cike hagu. Har ya miƙa hannu zai ɗauki katin. Sai ya tuna cewa Shugaba mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, kamar mai gudun tada jariri, ga kuma na'urar sanyaya ɗaki tana ta gurnani a sama. Ya ce a ransa, yau ce ranar da bawan Allah nan ya fi bukatar ya ji kowace kalma. Abinci ne na sirri, mutum biyar, wa zai sani? Ya janye hannunsa. Aka buɗe ƙofa.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne mai ɗaukar hoton fada, wanda ya shigo bayan an zauna, ya ɗauki hoto ɗaya tak, ya fita.

Washegari hoton yana shafin farko na kowace jarida. Ga Shugaba ya karkata yana magana, ga Jakada a damansa yana saurare, ga sauran can gefe kamar 'yan rakiya. Wata jarida ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa an gama magana. Wata kuma ta tunatar da masu karatu cewa wanda ya tsara teburin mutum ne da bai taɓa ajiye kati a banza ba. Kafin azahar mutanen Sanata sun shiga rediyo suna cewa ma'aikatan harkokin waje sun haɗa baki don su ɗora nasu, sun yi wa Shugaba dabara a cikin gidansa.

Sakatare bai ba Malam Daidai wurin zama ba da ya kira shi.

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

"Malam, ni ma na san ƙa'idar nan. Kai ka koya mini ita ina sabon zuwa. Ka san gyaran, ba ka yi ba. Shugaba ya ce mutumin da zai nemi kujera ta bayan gida tun kafin a ba shi, ba zai miƙa masa sirrin ƙasa ba. Yana shirin cire sunan Jakada. Ka tafi ka yi tunani. In an dawo hutun ƙarshen mako, ka zo mini da gaskiya."

Malam Daidai ya koma gida da la'asar. Ya zauna a bakin gado da takalmansa, abin da bai taɓa yi ba. Sista ta shigo da tulin kayan da ta kwaso daga shanya, ta dube shi, ta dubi takalman, ta ajiye kayan.

"Wa ya mutu?"

Ya gaya mata komai, tun daga bam ɗin har zuwa hoton. Ta saurara ba ta katse shi ba, wanda a wurinta ba ƙaramin abu ba ne.

"Wato shekara da shekaru kana jinyar mutum bai san kana jinyarsa ba," ta ce. "Ko ni da na yi aikin asibiti ban taɓa ba mutum magani yana barci ba. Kuma ni ma ka ɓoye mini! Ni da nake gaya maka har abin da maƙwabciya ta sa a tukunya."

"Ba sirrina ba ne, Sista."

"To, yanzu fa?"

"In na yi shiru, za a cire shi a matsayin maƙarƙashi, shi da bai taɓa roƙona komai ba. In na faɗa, na tona abin da ya ɓoye rabin rayuwarsa, kuma wataƙila a cire shi saboda kunnen. Ta ko'ina ni na kashe shi."

"Ka ji matsalarka ke nan," in ji ta, tana ninke riga da ƙarfi. "Har yanzu kana zaune kana zaɓa masa wurin zama. Kunnen nan naka ne? Tashi ka je ka same shi. Mai abu shi zai ce a faɗa ko a bari. Kuma ka cire mini takalman nan daga kan shimfiɗata."

Washegari da hantsi ya isa gidan Jakada. Ya same shi a lambun gidan da tiyo a hannu yana ba shuke-shuke ruwa, ya naɗe ƙafar wando. Fuskarsa ta nuna bai yi barcin kirki ba, amma ya yi murmushi.

"A'a, Malam Daidai! Ka zo ka ga ɗan fashin kujera? Bismillah, zauna. Na yi ta neman wanda zai gaya mini yaushe na ba ka cin hancin nan, don ni na manta."

Suka zauna a kan wani benci a ƙarƙashin bishiya. Malam Daidai ya yi gaisuwa, ya sake yin gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi shuke-shuke. Da gaisuwa ta ƙare masa, sai ya dubi ƙasa ya ce:

"Ranka ya daɗe, saboda kunnenka na bar ka a wurin. Na dama. Na san ba ya ji."

Ruwa yana ta zuba daga tiyon da aka yar a ƙasa. Jakada ya tashi ya je ya kashe famfo, ya daɗe a can ya ba shi baya. Da ya dawo, muryarsa ta sauya.

"Tun yaushe?"

"Tun liyafar da aka yi maka da ka dawo daga ƙasar yaƙi."

"Wa ka gaya wa?"

"Ba kowa. Sai matata, ita ma jiya."

"Duk shekarun nan, kai ne kake..." Ya girgiza kai. "Ni kuwa ina ta cewa Allah ya yi ni da sa'ar kujera. Har sadaka na taɓa yi a kan haka."

Ya fashe da dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba.

"Ka san abin da ka yi mini, Malam? Ina taƙama cewa ni kaɗai na ɗauki kayana, ba wanda ya gane. Ashe akwai mai tallafe mini ta baya. Yanzu ta yaya zan san wane ne aikina, wane ne naka?"

"Ranka ya daɗe, teburina a nan gida yake. Ban bi ka kan iyaka ba. Ban bi ka ko'ina ba. A can inda suka ga dama suka ajiye ka, kuma ka dawo da abin da aka aike ka."

"A can kallon baki nake yi," in ji Jakada. "In abu ya wuce ni, sai in ce, 'Don Allah maimaita, ina so in fahimce ka sosai.' Mutum ya ji daɗi, ya maimaita, sau da yawa ma ya rage kaifin maganar. Sai aka yi ta yabona wai ina da haƙuri, ana zagin ƙasata a gabana ba na fusata. Ba su san rabin zagin ba ya isowa ba."

Wannan karon su biyu suka yi dariya. Malam Daidai ya share ido da bakin hannun riga, ya ce, "Izini na zo nema. Ka bar ni in gaya wa Sakatare."

"A'a."

"Za su cire sunanka, ranka ya daɗe. Za a ce ka nemi kujera."

"Na ce a'a. Ko matata sai da muka yi shekaru kafin ta sani. Ba zan zama abin tausayi a jarida ba da tsufana."

Malam Daidai ya miƙe, ya ce, "To." Ya yi sallama ya tafi.

Ranar da aka koma aiki ya sa tufafinsa mafi kyau ya tafi fada. Sakatare ya dube shi ta saman tabarau.

"Ina jin ka."

"Kuskurena ne, ranka ya daɗe. Jakada bai roƙe ni ba, bai aiko kowa ba, bai ma san inda zai zauna ba sai da ya shigo. A hukunta ni, a bar shi."

"Dalili?"

"Tsufa, wataƙila."

"Malam, kada ka raina mini hankali. Da wani ne ya ce ya yi kuskure, sai in yarda. Kai fa? Wa zai yarda? Ka ɓata shekaru kana nuna wa ƙasar nan cewa hannunka ba ya zamewa, yau kuma kana so in shiga in gaya wa Shugaba ya zame, kuma bai tashi zamewa ba sai a kan mutumin gidanku?"

A karo na farko Malam Daidai ya ji sunan da ya gina ya zame masa kaya. Yana nan tsaye aka ƙwanƙwasa ƙofa, Jakada ya shigo ba tare da an yi masa iso ba. Ya gaisa da Sakatare, ya jawo kujera da kansa, ya juya ta yadda ya so, ya zauna.

"Ranka ya daɗe, sallami dattijon nan, ba shi da amsar da zai ba ka, domin ni na hana shi. Kunnena na dama ya mutu tun ranar bam ɗin nan. Shi ya gane da kansa, ya rufa mini asiri ban sani ba. Abin da ya yi ranar nan tausayi ne. Tausayin bai dace da wurin ba, amma ba makirci ba ne."

Sakatare ya cire tabarau ya ajiye.

"Jakada, ka san abin da wannan maganar za ta iya jawo maka?"

"Na sani. Na kwana biyu ina juya ta. Na tambayi kaina, da ni ne mai zaɓe, aka kawo mini mutumin da zai shiga ɗaki shi kaɗai da shugabannin duniya, inda kalma ɗaya in ta wuce shi ƙasa za ta biya, zan so in san yana da kunne ɗaya ko ba zan so ba? Zan so. To, Shugaba ma yana da haƙƙin ya sani. Ina roƙon ka shigar da ni in gaya masa da bakina. In ya ɗauke ni, ya ɗauke ni da shi. In ya bar ni, ya bar ni a kan gaskiya, ba a kan abin da ban yi ba."

Aka shigar da shi. Malam Daidai ya jira a baranda, a tsaye, ko da yake ga kujeru nan a jere. Abin da aka tattauna a ciki ba wanda ya ji. Da yamma fada ta fitar da sanarwa cewa ba wani ɗan takara da ya sa hannu a tsarin teburin, kuma sunayen uku suna nan yadda suke.

Bayan mako biyu aka naɗa Farfesa.

Ko kunnen ne ya sa, ko ɓoyewar, ko kuwa tun farko ita ce a ran Shugaba, ba wanda ya faɗa, kuma har yau masu gardama ba su daidaita ba. Abin da ba a musu a kai shi ne ta riƙe aikin da kyau, kuma abu na farko da ta yi shi ne ta roƙi Jakada ya ci gaba da jagorantar tattaunawar kan iyaka. Malam Daidai kuwa ba a kore shi ba, amma ba a sake kiransa fada ba. Ya cika 'yan watanninsa a ɗan ofishinsa yana tsara ƙananan taruka, ya yi ritaya ba hayaniya.

Abin ya zauna masa a rai. Ya rame, ya rage fita. Sista ta yi faɗan, ta yi lallashin, ta gaji. Kullum maganarsa ɗaya: da ya ɗauki katin nan, da yanzu mutumin yana kan kujerar da ta dace da shi.

Wata ranar hutu da safe mota ta tsaya a ƙofar gidansu. Sista ce ta leƙa, ta ga dogon mutum yana fitowa, ta gane shi daga hotunan jarida. Ta gyara mayafi, ta tare shi a bakin ƙofa, ta cika ƙirji da iska.

"SANNU DA ZUWA, RANKA YA DAƊE! YA HANYA?"

Jakada ya ja da baya, ya dafe kunnen hagu.

"Hajiya, a yi mini rai! Ɗaya ne ya mutu. Wannan da ya rage shi nake lallaɓawa."

"Au, to, ai ban san wanne ba ne," ta ce, ko a jikinta. "Shigo. Ga mutuminka can yana zaman makokin muƙamin da ba nasa ba."

Malam Daidai ya fito da sauri, yana neman durƙusawa, Jakada ya riƙe shi. Suka shiga falo. Maigidan ya fara abin da ya daɗe yana shiryawa a ransa. "Ranka ya daɗe, ka yafe mini. Ni na jawo..."

"Tsaya, Malam. Na so kujerar nan, ba zan yi maka ƙarya ba. Ranar da aka sanar, ban ci abinci ba. Amma matar nan ta iya aiki. Makon jiya na ga ta titsiye wani minista da ya saba raina mu, har sai da ya nemi ruwa. Ƙasa ba ta yi asara ba. Ni kuma ka ga wannan?" Ya juya kai, ya nuna wata 'yar na'ura da aka maƙala masa a bayan kunne. "Shekarun nan duka ina tsoron zuwa wurin likita kada a gan ni. Yanzu in na shiga taro sai in ce, 'Jama'a, mai son in ji shi ya biyo ta nan.' Su yi dariya, a fara aiki. Ban san nauyin abin da nake ɗauke da shi ba sai da na sauke."

"Duk da haka, da na..."

"Da ka tambaye ni tun farko, da ya fi. Wannan kam laifinka ne, kuma na yafe. Ni ma da na faɗa tun farko, da ya fi. Mun yi kunnen doki. Yanzu abin da ya kawo ni daban ne. 'Yata ta fari za ta yi aure, dangin uwarta da dangina kuwa rabonsu da zama a ɗaki ɗaya lafiya tun ranar namu auren. Na sasanta ƙasashe, amma waɗannan sun fi ƙarfina."

Sannu a hankali Malam Daidai ya gyara zama, ya matso gaba.

"Mutum nawa ne a kowane ɓangare, ranka ya daɗe? Kuma wace ce ta fi kowa faɗa?"

"Gwaggona," in ji Jakada ba tare da ya yi tunani ba.

"To, da ita za mu fara."